Matar da ta shirya min dinar bikina: abin da ta iya da abin da har yau yake min ciwo

Tun da aka sa ranar ƙanwata mutane suka dame ni da tambaya, wa ya miki dina, nawa kika biya, za ki ba mu lambarta? To maimakon in ta maimaita magana ɗaya ga kowa gara in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta ya yi wa kansa hukunci. Suna dai ba zan faɗa ba, don matar nan ta min alherin da ba zan manta ba, kuma a hannunta aka min abin da har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare min a wuya, kun ga ko in kama suna in yabe ta in cuci wata, ko in kushe ta in ci amana. Hajiya kawai zan ce, haka ma kowa yake ce mata.

An ɗaura aurena ranar Juma'a 10 ga Fabrairu 2023, cikin Rajab, lokacin da kowa yake rububin a yi a gama kafin azumi. Duk wanda yake Najeriya a lokacin ya san me wannan ranar take nufi, ita ce ranar da aka ce wa'adin tsofaffin kuɗi zai ƙare bayan an ɗaga daga 31 ga Janairu, tsohon kuɗi mai shago ya ƙi karɓa, sabo kuma babu shi, layin ATM tun asuba, masu POS sun zama sarakai, ga layin mai, ga zaɓe saura sati biyu. Wato in kana neman lokacin da bai kamata mutum ya yi biki ba to mu shi muka zaɓa, ko in ce shi Allah ya zaɓa mana, don tun watanni baya manya suka sa rana ba wanda ya san haka za ta faru.

A Instagram na ganta. Hotunan adon da take sawa ne suka ja ni, na je ofishinta ni da ƙawata muka zauna ta kawo mana lemo ta buɗe mana waya tana nuna mana wannan na 'yar wane ne wannan na 'yar wane ne. Abin da muka daidaita a kai: hol, ado, abincin mutum 200, MC, DJ, mai hoto da bidiyo, mai kwalliya da ɗaurin kai, kek, da masu tsaron ƙofa, duka a kan miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Ango ya ɗauki kaso mafi yawa, ni na cika da kuɗin adashina. Muka ba da kafin alƙalami rabi a watan Nuwamba, ta ba mu rasit da wata takarda mai shafi biyu wadda wallahi ban karanta ba, na ninke na jefa a jaka, ku riƙe wannan maganar za mu dawo kanta.

Umma tun farko ba ta so ba. Cewa ta yi a zamaninsu gwaggonni da maƙwabta ne suke kafa tukwane a tsakar gida, yanzu kuma wai sai an ɗauko bare an biya ta ta tsara maka bikin 'yarka. Abba kuwa cewa ya yi shi ba ruwansa da dina, nasa ɗaurin aure da walima, sharaɗinsa ɗaya kada a yi sai bayan an ɗaura. Shi ya sa aka sa ta daren Juma'ar, kamu Laraba, sa lalle Alhamis, yini da kai amarya Asabar.

Bari in fara da inda ta burge ni, don gaskiya ta burge ni. Satin bikin nan kowa hankalinsa a tashe yake, mai ɗinki yana cewa shi tsaba yake so, mai lalle ta ce in ba sabon kuɗi ba kar ma a kira ta, masu kai kayan jere sai da Yaya ya bi su da roƙo. Hajiya ko sau ɗaya ba ta ce min a kawo tsaba ba. Cikon kuɗinta da muka tura ranar Talata ya fita daga asusun ango bai shiga nata ba, ya maƙale a hanya, na kira ta ina kuka ina rantse-rantse, ta ce min ke amarya kwantar da hankalinki, ko bai shigo ba sai bayan biki za a yi miki dina, kuma haka aka yi, sai ranar Litinin ta gaba kuɗin ya faɗo, wato da kuɗinta ta sayi man janareta ta biya yaran da suka ɗauki kujeru ta sallami masu girki. A wannan lokacin da ɗan'uwa yake ɓoye wa ɗan'uwa dubu ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ko me zan faɗa a ƙasa ban manta da shi ba.

Ado kuma abin da ta nuna min a waya shi na gani a hol, ba irin wanda za a nuna maka wani abu ka zo ka tarar da labule biyu da balan-balan ba. Ruwan zuma da fari na ce, shi ta yi, kujerar amarya da ango, fitilu, furanni a kan tebura, har hanyar da za mu taka. Wuta ba ta ɗauke ko na minti ɗaya ba, sanyin AC har ya yi yawa ga tsofaffi don dama garin da sauran sanyi da hazo.

Sai maganar liƙi, wadda ita ce ta fi ba ni dariya yanzu. Biki ba liƙi ai ba biki ba ne, to ina kuɗin? Hajiya ta bugo wasu takardu masu girman kuɗi da sunana da na ango, na ɗari biyar da na dubu, ta ajiye yarinya a bakin fili da teburi, ka tura kuɗi ta waya a ba ka takardu ka je ka liƙa, daga baya ta haɗa lissafi ta turo mana. Dabara ce mai kyau, matsalar dai netwok. Sai ga abokan ango sun yi cirko-cirko kowa ya ɗaga waya sama yana neman sabis, DJ yana ta maimaita waƙa ɗaya, ni da ango muna tsaye a fili kamar an dasa mu muna murmushin dole. Wata 'yar'uwar Umma kuma ta tattara takardun da suka zuba a ƙasa ta cusa a jaka, washegari ta kawo min a ƙulle a leda tana cewa ga shi na tsare miki kar yara su kwashe, Allah sarki. Lissafin da Hajiya ta turo daga baya ya yi daidai da abin da yarinyar ta rubuta, ko naira ba ta yi ciwon kai ba, ƙawata ta zauna ta bi shi layi-layi.

Abinci ba laifi. Shinkafa da kaza da salak, an ci an ƙoshi, naman dai ya ɗan yi sanyi saboda daɗewar da aka yi ana jiranmu. Kek ya fi kyau a ido fiye da a baki.

To daga nan ne labari ya fara canzawa. Mai kwalliyar da ta turo min ta zo ƙarfe biyar maimakon uku, saboda wai tana da wasu amare biyu a ranar, abin da ba wanda ya gaya min. Ni baƙa ce, ba na jin kunyar faɗa, kuma sati uku na yi ana min dilka da halawa da turaren jiki fatata ta yi kyau ta yi sheƙi abinta, amma yarinyar nan ta zo ta shafe ni da hoda mai haske har sai da fuskata da wuyana suka zama kamar na mutum biyu. Na ce mata ya yi fari da yawa, ta ce haba amarya a kyamara zai zauna, ki bar ni da aikina. Ɗaurin kai kuma ta ɗaure shi tamau kamar tana ɗaure buhun gero, tun kafin mu bar gida kaina ya fara sarawa. Da ango ya shigo ɗauka ta sai da ya ɗan tsaya yana kallona, ni na ɗauka burge shi na yi, sai daga baya ya ce min wallahi tantancewa yake ko ni ce. Ƙanwata har yau da wannan take tsokanata.

Katin gayyata ya ce ƙarfe bakwai, mu kuma ba mu shiga hol ba sai goma saura, kuma sha ɗaya za a rufe. Wato abin da aka yi wata uku ana shiri, aka kashe fiye da miliyan, ni awa ɗaya da 'yan mintuna na yi a cikinsa. MC kuma ya cinye kusan rabin wannan lokacin da surutu, barkwancinsa duk na kishiya ne, wai amarya ki shirya nan da shekara biyu za mu dawo wannan hol ɗin, mutane suna dariya ni kuwa ina jin kamar in cire takalmi in jefe shi, a gaban surukata fa. DJ ya ƙure sauti har tsofaffi suna toshe kunne. In kun tambaye ni me na tuna a dinata, fitila ce a idona, ciwon kai, da wani yaro mai kyamara yana ce min amarya ɗago haɓa, amarya kalli ango, amarya yi dariya.

Amma duk wannan mai sauƙi ne, da shi kaɗai ne da ban ma rubuta komai ba.

Ina da gwaggo, yayar Abba, a wajenta na yi shekara huɗu ina ƙarama lokacin da Umma take fama da rashin lafiya, ita ta koya min tuƙa tuwo, ita ta fara kai ni islamiyya. Tun sati biyu kafin biki ta taho daga garinmu ta tare a gidanmu, ita take haɗa min turaren wuta, ita take tashina da asuba ta ba ni kunu ta ce sha ki yi ƙiba kar dangin miji su ce ba a ba ki abinci. A daren dinar ta tsaya sallamar baƙin da suka zo daga nesa, motocin gida suka tafi suka bar ta, sai ta hau adaidaita sahu ita kaɗai da 'yan canjin da suka rage mata ta biyo mu. Ta zo bakin ƙofa, masu tsaro suka ce kati. Ta ce ita gwaggon amarya ce. Suka ce kowa ma haka yake cewa, Hajiya ta ce ba kati ba shiga. Gwaggo ba ta sa anko ba, atamfarta ce ta saka da babban mayafi, wayarta ƙarama ce kuma ko ta kira wa zai ji a cikin wannan kiɗan. Ta samu dakali ta zauna a cikin sanyin nan tana kallo ana shigar da 'yan mata masu gashin kanti waɗanda ni ko sunansu ban sani ba, don su sun samo kati a wajen ƙawayen ƙawaye. Ta kusa awa ɗaya a wajen. Da ta gaji ta tashi, ga shi ba kuɗin komawa a hannunta, sai da ta taka mai nisa kafin wani mai adaidaita ya tausaya mata ya kai ta har ƙofar gida kyauta, Allah ya saka masa da alheri duk inda yake.

Kuma ba ta faɗa wa kowa ba. Ni ina can ina yanka kek ban san komai ba, na ɗauka tana cikin tsofaffin da suke teburin baya. Sai washegari da rana wajen yini wata maƙwabciyarmu da ta gan ta a waje ta yi suɓul da baka. Na shiga ɗaki na same ta tana ninke min kaya a akwati, na durƙusa ina kuka ina ba ta haƙuri, ta ce ke tashi kar ki ɓata idonki, ni dama me zan yi a wajen kiɗa, yaran ai aikinsu suka yi. Wannan maganar tata ta fi min zafi fiye da a ce ta zage ni.

Bayan biki da na natsu na je na samu Hajiya. Abin da ta fara yi shi ne ta ɗauko min takardar nan mai shafi biyu ta nuna min inda aka rubuta ba kati ba shiga, da sa hannuna a ƙasa, ta kuma tuna min ni da bakina na ce mata ba na son 'yan gayyar soɗi su cinye abincin mutane. Gaskiya ne na faɗa. Amma na ce mata Hajiya ke da kika shekara nawa kina wannan sana'a a garin Kano, kin san tsofaffinmu ba sa yawo da kati, me ya hana ki ce min in ajiye ɗan gida ɗaya a ƙofa wanda ya san fuskar dangi, ai shi ya sa na biya ki, don ki hango min abin da ni ban hango ba. Ta yi shiru, sannan ta ce wannan kam kuskurenta ne. Bayan kwana biyu ta aiko da turmin atamfa mai tsada ta ce a kai wa gwaggo a ba ta haƙuri. Na yaba da hakan, amma yaran da suka tsaya a ƙofa har yau su take ɗauka, na gan su a bikin wata ƙawata.

A wannan takardar dai na gano mai hoto na dina ne kawai. Ni a tunanina duk bikin zai bi, ashe kamu da ɗaurin aure da yini da kai amarya kowanne kuɗinsa daban. Don haka ranar Juma'a da rana, lokacin da nake zaune a ƙuryar ɗakin Umma cikin lulluɓi hannuna duk lalle, wayar Umma ta yi ƙara Yaya ya ce an ɗaura, gidan ya kaure da guɗa, Umma ta juya baya tana goge ido da bakin mayafi don kar in gani, ba wanda ya ɗauki wannan. Sadakina ma labari ne, ango sai da ya yi kusan sati biyu yana bin layin banki da masu POS yana tara sababbin kuɗi kaɗan-kaɗan don wakilinsa ya ce shi ba zai tsaya a masallaci gaban jama'a yana jiran alat ba, Abba ya shigo da su a ambulan ya ajiye min a cinya ya ce ga haƙƙinki, Allah ya yi miki albarka, ya fita da sauri. Shi ma wannan babu shi a ko'ina sai a kaina.

Albam kuwa sai bayan wata bakwai ya iso, bayan na yi kira har na gaji, yau a ce kwamfuta ta lalace gobe a ce mai bugawa ya yi tafiya. Da ya zo bugun ya yi kyau, takarda mai kauri, amma an ƙara min fari a kan farin da mai kwalliya ta min, an goge min har ɗan tabon da yake goshina tun ina yarinya, wadda take cikin hoton kyakkyawa ce amma ni ban san ta ba. Hotunan ƙawaye masu anko sun fi talatin, Umma sau biyu ta fito, surukata sau ɗaya ita ma rabin fuska. Bidiyon kuma daidai inda kawun ango yake mana addu'a suka ɗora waƙa a kai, bakinsa kawai kake gani yana motsi. Abin da ya fi ɓata wa maigidan rai shi ne tun kwana uku da biki, kafin mu mu ga ko hoto ɗaya, sai ga mu a shafin mai hoton a Instagram ana ta sharhi a ƙasa, ba wanda ya nemi izininmu. Ya kira Hajiya ranar ransa a ɓace, ta sa aka sauke, amma kafin nan wasu shafukan sun riga sun kwashe.

Abin da nake kallo in na yi kewar ranar ba albam ɗin ba ne. Wani ɗan bidiyo ne na minti uku da ƙanwata ta ɗauka da wayarta daren Asabar, an ɗauke wuta, da fitilar waya ake haskawa, hoton yana ta rawa. Abba yana min nasiha muryarsa tana sarƙewa, ni ina ta kuka ba ko ɗigon hoda a fuskata, sannan aka yanke sai ga mu a ƙofar gidana gwaggo ta riƙe min hannu tana cewa da ƙafar dama, yi bismillah, da ƙafar dama na ce. A ƙarshe ana jiyo ƙawayena suna rigima da abokan ango a kan kuɗin sayen baki, wai ba za su tafi ba sai sun ga alat ya shigo, har sha ɗaya ta wuce suna zaune a falo.

To masu tambaya ko zan ba da lambarta: in ado kike so da hol da wadda ba za ta ci miki kuɗi ba, eh zan bayar, a nan ban ga kamarta ba. Mai kwalliya ki nemo taki ki gwada ta tun kafin ranar, mai hoto ki yi magana da shi da kanki a rubuta kwanakin da zai zo da ranar da zai kawo aiki da maganar sawa a intanet, MC ki gaya masa abin da ba kya so tun a gida. Na ƙanwata mun ba Hajiya ado da abinci kawai, ƙofa kuwa ni da Yaya za mu tsaya, na riga na faɗa ko anko ba zan damu da shi ba a daren.

Atamfar nan kuma gwaggo ba ta ɗinka ba. Ta karɓa ta ce an gode, ta sa a ƙasan akwati. Sai da na haihu ta zo wankan jego na ga ta fito da ita, ta sa an yanka an kalmashe baki, ta ce a riƙa goya yaro da ita.